Wutar da Gwaggo ta ce tata ce

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta cika ranar Alhamis da hantsi, muka kai ta makwancinta kafin la'asar. Na Allah ne mu duka, ta dai riga mu isa inda za mu.

Da muka dawo daga maƙabarta muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mu uku da ta rena: wanmu da muke kira Babba, da ni na tsakiya, da Auta wanda ya taso daga Malbaza da farin siminti a gashin girarsa, bai ko tsaya wanka ba. Mutane suna zuwa suna durƙusawa, "Ya hanƙuri?" muna amsawa, "Hanƙuri sai godiya." Liman ya ce tun da yake limanci a garin nan bai taɓa jin an kawo ƙararta ba sai a kan kaifin baki, kuma ko a nan in aka bi diddigi ita ke da gaskiya. Wata tsohuwa daga rugar Fulani da ke yamma da mu ta zo da ƙwaryar nono a kai, ta sauke a tsakar gida, ta tsaya tana duban ƙofar ɗakin Gwaggo kamar mai jiran a amsa mata sallama. Aka ce ta zauna. Ta ce, "To yanzu wa za ya ce mani na zuba ruwa cikin nono?" Ta juya ta tafi, ba ta ɗauki ƙwaryarta ba.

Can sai ga taubashinta, wani tsoho ɗan kawunta da suka tsufa suna tsokanar juna. Ya dogara sandarsa, ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"To jama'a, yau kowa shi kwana da ido rufe! Ƙona-gida ta tahi!"

Wasu suka ɗan yi dariya, don taubashi ba ya fasa wasa ko a kan gawa. Shi kuwa bai kai ƙarshen tasa dariyar ba murya ta karye masa, ya ja bakin rawani ya rufe fuska. Daga cikin gida kukan mace ɗaya ya tashi ya fi na sauran. Ba sai an gaya mini ba, na san matar Auta ce.

Wannan suna ne ya sa na jawo tawada. Mahaifinmu yana da gafaka da yake ajiye takardun da ya rubuta haihuwa da mutuwar gidanmu da ajami. Wuta ta cinye ta, kuma tun daga nan na ga yadda sunayen kakanninmu suke zubewa daga bakinmu ɗaya bayan ɗaya. Yaran da suka tashi yanzu da Ƙona-gida suka san Gwaggo. Ba na so ta rage a bakin mutane da wannan kaɗai, ba tare da an san yadda aka yi ta ɗora wa kanta shi ba, da kuma abin da take karewa da shi.

Gidanmu, a wani ƙauye gabas da Tajaye, gandu ne tun zamanin kakanmu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san tukunya in ta rabu ba ta sake haɗuwa. Daga ita sai a raba gona, daga gona sai katanga ta tashi a tsakar gida, sai ka ga 'ya'yan wa da ƙane suna gaisawa kamar baƙi a bakin rijiya. Ranar zaman makokin nan mu uku muna kan tabarma ɗaya, kowannenmu ya san tambayar da ba a yi ba tukuna: tukunyar gidan nan za ta zauna ɗaya bayan Gwaggo?

Haihuwa ba ta tsaya mata ba. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, ta iske mahaifiyarmu ba ta da lafiya, Auta yana rarrafe. Daga nan ba ta sake fita ba. Bayan mahaifinmu ya rasu Babba ne ya riƙe gona, amma madafa a hannunta take. Matar Babba, wadda Gwaggo ke kira ɗiyar Konni, da matar Auta, wadda take kira ɗiyar ruga, su ke karɓa-karɓar girki, kwana bibbiyu. Ni mai ɗakina ta rasu kafin wannan labari, ban kuma sake aure ba, a wannan tukunya nake ci.

Ba mace ce mai sauƙi ba, kada in yi wa mamaciya ƙarya. Tana auna gishiri kamar mai auna zinariya. In ta ɗanɗana miya ta yi shiru, mai girki ta tsira. In ta ce "Hmm, sannu da ƙoƙari," to ranar sai an yi kuka a bayan ɗaki. Amma ita ake kira duk inda ake biki ko suna a ƙauyen nan da na kewaye, ta tsaya a kan manyan tukwane, zane ɗaure a ƙugu, muciya a hannu kamar sandar sarauta. Ana cewa tuwon da ta tuƙa yana kwana biyu bai saki ruwa ba.

Kuma ba ta yarda da ashana. Kowane dare in an gama girki takan zaɓi garwashi mai ƙarfi ta binne shi cikin toka, da asuba bayan ta sallame ta tono shi, ta ɗora ƙirare, ta hura. Takan ce wutar gidan nan ba ta taɓa mutuwa ba tun ranar da ta dawo. Matan maƙwabta sukan zo da tsingaro su ɗebi wuta a wurinta, ta ba su tana faɗa, "Ke kullum taki mutuwa taka yi? Ko barci kika yi har ki mance da ita?"

Shekara tara ke nan da abin ya faru. Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ranar kasuwar Illela ni da Babba mun kai wake, Auta yana Malbaza inda yake lodin siminti a manyan motoci. Bayan azahar salular Babba ta yi ƙara. Na ga ya saurara, ya ce "Na'am?" har sau uku, sannan ya bar buhu a buɗe ya nufi 'yan kabu-kabu. Na bi shi.

Tun daga nesa muka hango hayaƙin. Iska ce ta taso ta ɗauki wutar murhu ta liƙa a zanan madafa, daga zana ta kama dangar kara, daga danga ta haye harawar da muka jibge a kan rumfa. Maza duk suna kasuwa, rijiya da nisa, mata da bokiti ba su iya mata ba. Ɗakuna biyar suka tafi da abin da ke cikinsu, da rumbunan kara biyu, da awaki biyu da ke ɗaure a turke. Ruhewa, wato babban rumbun ƙasa da kakanmu ya gina, ba ta faɗi ba, amma hular ciyawar da ke kanta ta kama, wutar ta sauka ciki tana cin dammunan gero a hankali. Abin da muka samu janyewa ya yi baƙi-baƙi, yana warin hayaƙi.

Muka iske Gwaggo tsaye a tsakiyar toka, ɗankwalinta ya ƙone gefe guda, tana dafa kawunan yara ɗaya bayan ɗaya. Ta dafa nawa, ta miƙa hannu ta dafa na Babba da furfurarsa. Ta ce, "Sha huɗu. Saura Auta, shi ko yana Malbaza. Alhamdu lillahi."

Da safe mutane suka fara zuwa jaje. Mace ta farko da ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ashe abin da yas samu ke nan? Muna maku jaje." Gwaggo ta dube ta.

"Wa yam mutu?"

"A'a, ba kowa."

"To jajen mi? Barka za ki yi muna. Tashi ki koma ƙofa ki sake shigowa."

Matar ta ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne. Sai da ta koma ta shigo ta ce, "Barka da arziki," sannan Gwaggo ta amsa mata. Kafin azahar labari ya zaga gari, duk mai shigowa cikin tokar nan barka yake yi, wasu suna faɗa hawaye na zuba.

Amma barka ba ta kashe wutar da ta rage ba. Matar Babba ce ta fi kowa asara. Shekaru tana tara kayan ɗakin babbar 'yarta da za ta yi aure bayan kaka: tasoshi, da kwalla, da zannuwa, da gado da katifa, duk a ɗakinta, duk sun zama toka da baƙin ƙarfe. Kuma kowa ya san ranar girkin matar Auta ne. Ita tana zaune a gindin ruhewa da goyo a baya, hannunta na dama a kumbure inda ta yi ta dukan wutar da shi.

Da hantsi maigari ya zo da wani jandarma, jami'in tsaro, mai takarda a hannu, domin a rubuta yadda abin ya tashi. Auta ya iso ke nan. Jandarman ya gaishe mu da ladabi, sannan ya ce, "Wa ad da girki jiya?"

Matar Babba ta miƙe. "A tambaye ta! Ga ta can zaune awa ba ta san komi ba! An saba hura wuta cikin daji inda babu danga, an zo an ƙone muna gida!"

Auta ya yunƙura, Babba ya yunƙura. Ban taɓa ganin su sun dubi juna da irin wannan ido ba. A raina na ce shi ke nan, gidan nan ya ƙare yau.

Gwaggo ta buga sandarta a kan wani ƙonannen kwano.

"Yaro, girki kat tambaya ko wuta?"

Jandarman ya ce, "Wuta, Inna."

"To rubuta. Wutar gidan ga ɗaya ta, kuma tawa ta. Ni nib binne ta shekaranjiya da dare, ni nit tono ta jiya da asuba, ni nih hura ta da bakin ga nawa. Babu macen da tat taɓa ƙyasta ashana cikin gidan ga. In wuta ta ci gida, tawa ta ci shi. Rubuta haka nan."

Maigari ya sunkuyar da kai, don ya gane. Jandarman ya dubi tsohuwar, ya dubi yarinyar da ke gindin ruhewa, ya yi ɗan rubutunsa, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Matar Babba ta buɗe baki, Gwaggo ta juyo gare ta. "Ɗiyar Konni, in kina da zagi ga ni. Kayan ɗiyarki ni niƙ ƙone su. Zage ni, ina saurare." Wa zai zagi yayar surukinsa a gaban maigari? Ta koma ta zauna tana kuka.

Bayan kwana biyu na same ta ita kaɗai tana tsince gero mai ɗan dama daga cikin baƙin. Abin yana damuna, don mun yi karatu, mun san nauyin shaida. Na ce, "Gwaggo, abin da kika faɗa gaban maigari, ba ki jin tsoron ya zama ƙarya?"

Ba ta ɗago kai ba. "Malam, kai ad da tawada. Nuna mani harafi guda na ƙarya cikin abin da nic ce."

Na bi maganar harafi-harafi, babu.

"To tashi ka ba ni wuri. Kwana ukku kana kukan takardu, 'yan'uwanka na can suna neman ƙasar gini. Ubanka da yar rubuta su, da hannunshi ya gina ɗakin da kak kwana ciki."

Na ji zafin maganar har cikin ƙashi. Yini biyu ban gaishe ta da sakin fuska ba, ita kuma ko a jikinta. Amma na je na ɗauki shebur.

A rana ta huɗu dangi suka zo kwasar mu, kamar yadda aka saba. Iyayen matar Babba suka turo mota daga Konni, don ta tafi da yara har a gyara. Mutanen ruga suka zo su ma, sun ji abin da aka faɗa wa 'yarsu, suna so su tafi da ita. Auta ya ce dama ya ga wani ɗaki a Malbaza kusa da wurin aikinsa. Kowa da hujjarsa mai kyau, kuma kowa alheri yake nufi. Gwaggo ta sa aka mirgino mata ƙonannen turmi, ta kife shi a inda ƙofar gida take a da, don ƙofar ma ta ƙone, ta zauna a kai.

"Na gode maku, Allah shi saka. Amma ba mai fita gidan ga da sunan gobara. Wanda yat tahi cikin toka ba shi dawowa, na ga gidaje nawa. Mai son taimakonmu shi kawo zana da tabarma."

Wan matar Babba ya ce, "Haba Gwaggo, mi za su ci? Gawayi?"

"Shi za mu ci, kuma tare."

Motar ta koma Konni babu kowa, washegari ta dawo da tamfol da tabarmi. Mutanen ruga suka tafi, da yamma suka turo saniya mai tatsa, suka ce ta zauna har kaka.

Kwana huɗun nan maƙwabta ke kawo mana abinci, ba a hura wuta a gidanmu ba. A ranar Gwaggo ta jera duwatsu uku a tsakiyar fili, nesa da duk abin da zai kama, ta ɗauki tsingaro ta miƙa wa matar Auta.

"Ɗiyar ruga, tahi maƙwabta ki ɗebo muna wuta."

Yarinyar ta ja da baya. Tun ranar gobara ko hayaƙin gidan wani ta gani sai jikinta ya ɗauki rawa. Ta ce, "Gwaggo, don Allah a aiki wata."

"Girkinki na, kwana guda kin ka yi, saura guda. Ko so kike a ce kin bar aiki rabi?"

Ta tafi. Muna kallo ta dawo tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, tsingaron a hannunta na hagu. Gwaggo, wadda shekara da shekaru ita ke bai wa gari wuta, ta zauna ta naɗe hannu, ba ta taɓa ko ƙirare ɗaya ba. Yarinyar ta durƙusa ta hura da kanta, hawaye na ɗiga cikin toka. Ta tuƙa tuwo da ƙonannen geron nan. Ya fito launin ƙasa, yana ɗaci, yana warin hayaƙi. Gwaggo ta kwashe malmala ta farko ta ajiye a gaban matar Babba.

"Bisimilla, ɗiyar Konni."

Matar Babba ta daɗe tana kallon tuwon. Mu duka muna kallonta. Daga bisani ta gutsura ta kai baki, ta haɗiye da ƙyar. Ba ta ce ya yi daɗi ba, ba ta kuma ture shi ba. Yara suka fara ɓata fuska, Gwaggo ta ce, "Ku ci, marasa godiya! Manyan Konni har layi suka yi wurin mai bandar kifi, ku ga shi an yi maku bandar tuwo har gida." Babba ne ya fara dariya, tuwo a bakinsa, har ya ƙware.

Wannan tuwo muka ci har sabon gero ya nuna. Da nonon saniyar nan ake dama fura a rage ɗacin. Ni har yau in na ji warin ƙauri sai maƙogwarona ya tuna.

Aka yi mana gayya, maza suka kwaɓa ƙasa, amalanken jakai suna jigilar ruwa daga rijiya. Auta ya kawo siminti da kwanon rufi, ya rantse ba za a sake rufa ɗaki da ciyawa a gidan nan ba. Da yana auna fili sai ya ja layi da ƙafa ta tsakiyar gida, ya ce a nan zai ɗan tada katanga, don iska. Gwaggo ta bi layin tana sharewa da tata ƙafar, tun daga farko har ƙarshe. Bai sake ja ba.

Ɗaki na farko da aka gama, kowa ya ɗauka nata ne, ita ce babba. Ta ce a ba matar Babba. Na biyu ta ce na mai goyo ne. Ruwan farko ya sauko mana ɗakuna biyun nan kaɗai ke da rufi, muka cusu a ciki, yara a kan cinyoyin manya, ƙarar ruwa a kan sabon kwano ta hana kowa jin maganar kowa. Na ga Gwaggo a lungu tana motsa baki, carbi a hannu. Nata ɗakin sai bayan kaka aka gina. Duk daminar nan a bukkar zana da tamfol ta yi ta, kuma a nan ta samo tarin da bai sake ta ba har ya kai ta.

Auren 'yar Babba bai fasa ba. Matan dangi suka yi karo-karo, wannan tasa, wannan zane. Matar Auta ta kawo manyan ƙore guda biyu masu zane da mahaifiyarta ta aiko daga ruga, ta ajiye a ƙofar ɗakin matar Babba. Aka karɓa, aka sa cikin kaya. Amma tsakaninsu magana ba ta wuce ta aiki ba: ga tsintsiya, miƙo ludayi, yau girkinki. Gwaggo ta hana zagi, ba ta iya tilasta wa zuciya ba.

Abin da ta biya kuwa, sai a hankali muka gane shi. Maganar da ta faɗa gaban maigari ta fita gari ta canza kama. Aka ce tsufa ya kama ta, hannunta ya fara sakaci. Taubashinta ya laƙa mata Ƙona-gida da wasa, yara suka ɗauka da gaske. Matan da ke zuwa ɗibar wuta suka koma ashana. Biki na farko da aka yi bayan damina, aka aiko mata da goro, aka ce ta zo ta zauna cikin manya ta huta, an samu masu tuƙi. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta je ta zauna. Na wuce ta wajen na hange ta a kan tabarma, bayanta ga tukwane, amma kanta yana ɗan karkatowa duk sa'ad da muciya ta bugi gindin tukunya. Da ta dawo na ce, "Gwaggo, ya biki?" Ta ce, "Tuwonsu ya yi gudaji." Ba a sake kiranta kan tukunyar biki ba har ta bar duniya, kuma ban taɓa jin ta gyara wa kowa labarin ba. Matar Auta ta so ta yi magana sau ɗaya a gidan suna, Gwaggo ta taka mata ƙafa.

Shekarun baya-bayan nan gida ya cika. 'Ya'yan Babba sun girma, biyu sun kusa ajiye iyali. Auta ya samu ci gaba a wurin aiki, yana zuwa da shinkafa da taliya, 'ya'yansa suna lakwal, wato makarantar boko, bakinsu ya fara ƙin tuwo. Kowa ya san tukunya ɗaya ta yi mana kaɗan, ba dai mai iya faɗa.

Ita ce ta faɗa. Kwana uku kafin rasuwarta, bayan sallar azahar, ta sa aka kira mu mu uku. Tana kwance, numfashi yana yi mata wuya. Babba ya ce, "Gwaggo, in wasiyya ce kan gida, mun ɗauka tun ba ki faɗa ba. Ba mu rabuwa."

Ta girgiza kai. "Kar ka yi alkawalin da za ya sa ka ƙarya, Babba. Ni ban ɗaure ku ba. Abin da nih hana, a rabu da yunwa da hushi, kowa na ganin laifin wani. Yanzu ruhewa cike take. In za ku rabu, ku rabu da ƙoshi." Ta huta, sannan ta dubi Auta. "Kai kuma, ban da katanga."

Auta ya kifa kansa a bakin gadon yana kuka kamar ranar da ta yaye shi.

Bayan sadakar arba'in muka zauna da liman da maigari. Ba a ɗaga murya ba. Gona ta zauna ɗaya a bana, gero kuwa za a riƙa auna wa kowane ɓangare nasa, kowace mace ta dafa wa nata. Ni aka ce in ci inda na ga dama. Aka yi fatiha, aka shafa. Na san daidai aka yi, na san da izininta aka yi, amma da na fito masallaci da la'asar na hango hayaƙi biyu suna tashi daga gidanmu, sai da na dafa bango.

A gidanmu mai girki ita ke zuba wa Gwaggo nata kafin na kowa, ta kai mata har ƙofa. Cikin kwana arba'in ɗin nan ba a fasa ba, akan zuba a kai ƙofar ɗakinta, daga nan a miƙa wa mabuƙata sadaka. Ba wanda ya tuna ya raba wannan a zaman da muka yi. Ina zaune a tsakar gida gab da magariba, sai ga matar Babba ta fito daga nata ɓangaren da kwanon tuwo a rufe. A daidai lokacin matar Auta ta fito daga nata da kwanon shinkafa. Kowacce kanta a sunkuye, ba su ga juna ba sai a ƙofar ɗakin Gwaggo.

Suka tsaya, kowacce da kwano a hannu.

Matar Babba ta ce, "Ke ma?"

"Na ɗauka girkina na, Yaya."

"Ni ma haka nan."

Ba wadda ta san inda za ta ajiye nata. Matar Babba ce ta fara zama a bakin ƙofar, ta ja zane ta rufe gwiwa. Can ta miƙa hannu.

"Kawo in ɗanɗana. In ji ko kin ƙone ta."

Shekara tara ba wanda ya taɓa fuskantar matar Auta da wannan kalma. Na ga ta tsaya cik. Sannan ta durƙusa ta buɗe kwanon, ta miƙa. Matar Babba ta ɗiba ta kai baki, ta tauna. Ta kama hannun nan na dama mai tabo ta riƙe, suka haɗa kai suna kuka a ƙofar ɗakin da babu kowa, abinci yana hucewa a gabansu, har ladan ya kira salla.

Ya Allah, baiwarka ta zo maka ba ɗa ba jika na cikinta, sai mu. Ka sanyaya mata kabarinta, ka nisanta ta da wuta, ta ɗauki rabonta tun a nan.